Shinkafar da Hajiya Yabaniyya Ta Ƙi Ci

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu tsufa ne ya kwashe, wasu ni na kore su da kaina. Amma ranar da na tare hanyar ma'aikatan baladiyya a Bab Makka saboda wata tsohuwa da ta daina cin abinci, wannan kam tana nan tare da ni har in koma ga Allah.

Ina ƙarama gwaggona ta zo da ni aikin hajji daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ba mu koma ba. A Jidda na yi aure, a nan na haihu, a nan na yi takaba. Sana'ata shimfiɗa tabarma a gefen hanya a Bab Makka, tsohuwar kasuwar Jidda, in sayar da gyaɗa da yaji da turaren wuta. Karatu kuwa sai da furfura ta fito min na fara, kuma wannan labarin ne ya kai ni.

A gidan benen da muke haya a Sharafiyya, ƙofata na kallon ƙofar wata mata 'yar ƙasar Japan. Da Larabci Yaban ake ce wa ƙasarsu, don haka kowa Hajiya Yabaniyya yake kiranta. Mijinta Bahaushen Sudan ne, makanike. Yana saurayi aka tura shi can koyon aikin mota, ya dawo da sana'a da mata. Ta musulunta tun a can, ta yi hajji, ta haifa masa ɗa guda. Tana jin Larabci, Hausa kuwa ta iya ta har da habaici, sai dai tana yinta a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Abu ɗaya ne bai bar ta ba. In za ta gaishe ka sai ta haɗa hannuwanta a gaba ta sunkuya daga ƙugu. Mun yi mata dariya har muka gaji, daga baya yaran gidan ma suka koya.

Ni mace ce mai faɗa, ba na ɓoyewa. Babu wanda ban yi cacar baki da shi ba a gidan nan, har mai gidan hayar. Ita kaɗai ce ban taɓa ɗaga wa murya ba. Lokacin da mijina ya rasu, mutane suka cika ɗakina da surutu da nasiha, ita sai ta shigo ta zauna kusa da ni tana linke min kayan wanki, ba ta ce uffan ba. Haka ta yi ta zuwa har na fita takaba. In na dawo kasuwa ina zage-zage, sai ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, zo ki sha shayi, ki bar sauran faɗan na gobe."

Bayan rasuwar mijinta da 'yan shekaru ta yanki jiki ta faɗi. Da aka sallamo ta daga asibiti jikin ya ɗan dawo, amma harshen bai dawo ba. Larabcin ya fara tafiya, Hausar ta bi shi, sai ga ta tana magana da yaren iyayenta, wanda ko ɗanta bai san komai a cikinsa ba. Shi yana aiki a wani sito a Khumra, tun safe sai yamma. Matarsa ce ke jinya, yarinyar kirki daga Hausawan Sudan, ba ta taɓa yi wa surukarta tsaki ba.

Tun da ta tashi daga ciwon, Hajiya ba ta son komai sai shinkafa, cokali kuma ya daina zama a hannunta. Sai ta yar da shi ta riƙa motsa yatsu kamar tana neman wani abu. Matar ɗan ta bincika akwatinta, ta samo 'yan sanduna biyu baƙaƙe da mutanen ƙasarsu ke cin abinci da su. Ta zo min da murna, da yake Khala take ce min, wato inna da Larabci, tana cewa, "Khala, na gano abin da take nema!" Ta zuba shinkafa a kwano, ta soke sandunan a tsakiya suka tsaya ƙyam, yadda duk muke soke cokali a kan abinci in za mu kai wa mutum, don kada ya faɗi a hanya, don kuma ta gan su da kyau.

Hajiya ta dubi kwanon. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta ajiye a jikin bango, ta haɗa tafukanta a gaban fuska, ta sunkuyar da kai. Sannan ta koma ta zauna ta zuba wa ƙofa ido.

Daga ranar ba ta ƙara cin loma ba. Ruwa take sha, sai kurɓin shayi. Aka sauya girki, aka yi mai nama, aka yi mai madara, aka yi dafa-duka irin tamu, kowanne a kawo da sandunan nan a soke a kai. Ita kuma ta kai shi jikin bango ta haɗa hannu. In an ɗebo daga kwanon za a ba ta a baki, sai ta datse haƙora hawaye na zuba. Likita ya ce babu abin da ya hana ta haɗiya. Tana ta ramewa a gabanmu, wuyan hannunta ya koma kamar kara.

Sai magana ta fara yawo a matakalar bene. Akwai wata malama a hawa na sama da ke koya wa mata karatu, ita ce kuma ke wankan gawa in mace ta rasu a layinmu. Ta shigo dubiya ta ga abin da idonta. Da ta fito ta ce da ni a hankali, "Wannan fa sujada ce ake wa kwano. Ina tsoron ta koma addinin iyayenta. In ta cika a haka, ni ban san yadda zan sa hannu a wankanta ba."

Na ce, "Malama, matar da ta riga ki zuwa Arfa? Wanda hankalinsa ya gushe ko Allah ba ya kama shi, sai ke?"

Ta ce, "Ni dai abin da na gani na faɗa."

Na yi mata tas, har ɗan Hajiya ya fito yana ba ni haƙuri. Amma da na shiga ɗaki na rasa sukuni. Faɗa ba ya sa tsohuwa cin abinci, ba ya kuma rufe bakin mutane. Na ce da ɗan ya je ofishin jakadancin ƙasar uwarsa ya nemo mai jin yarenta. Ya ƙi. Tsoronsa kada su ce tasu ce su ɗauke ta su mayar da ita can, ta mutu a inda ba zai ga kabarinta ba. Ban ga laifinsa ba. Amma ina kallon matar da ta linke min kaya a takaba za ta mutu da yunwa, a kuma bi ta da sunan da ba nata ba.

Ana cikin haka, wata safiya ina kan tabarmata a Bab Makka, sai na ji an ce, "Baladiyya! Yalla, yalla!" Wanda bai yi talla a gefen hanya a Jidda ba ba zai gane ba. Baladiyya su ne ma'aikatan hukumar gari, kuma mu ba mu da izinin zama a wurin. In an ambace su, kafin ƙiftawar ido kowa ta ƙulle kayanta a zani ta shige lungu. Ni ma na tattara bakin tabarmata zan gudu, sai na lura ba kame suka fito ba. Manya ne cikin fararen riguna, suna tafe a hankali suna nuna wa wata baƙuwa tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako. 'Yar siririya ce cikin abaya. Da farko na ɗauka 'yar Filifin ce ko Indunusiya, su ne muka saba gani. Sai wani dattijo mai shagon yadi ya miƙo mata kofin gahawa. Ta haɗa hannuwanta a gaba ta sunkuya daga ƙugu.

Wannan sunkuyon na san shi kamar tafin hannuna.

Na saki tabarmar, gyaɗa ta watse. Wata 'yar'uwar sana'a ta leƙo daga lungu tana cewa, "Ke, kin haukace? Can za ki?" Ban waiwaya ba. Na ratsa tsakiyar fararen rigunan nan na tsaya a gabanta, na ce da Larabcina na kasuwa, "Ke Yabaniyya ce?"

Wani daga cikinsu ya ce, "Ya hajja, matsa, baƙuwar hukuma ce."

Na ce, "Na ga baƙuwa ce. Ga kayana can a ƙasa, in kwashewa za ku yi ku kwashe, amma sai na yi magana da ita."

Babbansu ya yi dariya ya ɗaga hannu a bar ni. Ita kuwa ta amsa min da wani irin Larabci na littafi, irin na masu karanta labarai a talabijin, har sai da na kasa kunne sosai. Ta ce eh, ita ma'aikaciyar jakadancin ƙasarsu ce a nan Jidda.

Na ce, "To akwai taku a gidanmu tana mutuwa. Tana magana ba mai ji. In aikinki kallon tagogi ne kawai, to shi ke nan, ki ci gaba."

Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, don ba ta yi min komai ba. Amma ba ta ɓata rai ba. Ta juya ta nemi afuwar manyan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce za ta ƙarasa zagayen da su tunda sun bar aikinsu dominta, sannan ta tambaye ni unguwa da layi. Ta ce, "Khala, bayan azahar ina nan tafe." Kayana kuwa babu wanda ya taɓa, wani a cikinsu ma har ya taya ni tsince gyaɗar.

Ban yarda za ta zo ba. Sai ga ta. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ta hawo bene kai tsaye ba. Sai da ta sa direbanta ya kai ta wurin umda, wato mai unguwarmu, ta gaishe shi ta faɗa masa gidan da za ta shiga da dalili. Na ce mata, "Mutum na mutuwa kina yawon gaisuwa?" Ta ce, "Khala, in na shigo ba da saninsa ba, yau kaɗai zan zo. In ya sani, kullum ƙofa a buɗe take."

An kira ɗan Hajiya daga Khumra, ya tsaya a bakin ƙofa fuska a murtuke. Malama ma ta sauko, wai ta zo ganin ƙwaƙwaf. Baƙuwar ta cire takalmanta ta juya su suna kallon waje, ta shiga ta durƙusa a kan gwiwoyinta a gaban tsohuwar, ta yi mata magana a hankali.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Hajiya ta ɗago kamar wadda aka kira daga nesa. Ta kama hannun yarinyar nan, magana ta ɓalle mata, da wata 'yar siririyar murya irin ta yara. Ana haka matar ɗan ta shigo da kwanon shinkafa, da sandunan a tsaye a kai kamar kullum. Na ga baƙuwar ta ɗan ja numfashi. Hajiya ta karɓa ta kai jikin bango ta haɗa hannu.

Malama ta ce, "To, kin gani. Tambaye ta wa take bauta wa."

Baƙuwar ta tambaye ta wani abu, tsohuwar ta amsa. Sai yarinyar ta sa bakin mayafinta ta share ido, sannan ta juyo gare mu. Ta ce a ƙasarsu ba a soke sanduna a tsaye a kan shinkafa sai in an yi mutuwa. Kwanon mamaci ke nan, ana ajiye masa a gefe, mai rai ba ya taɓawa. Ta ce Hajiya tana ganin kanta yarinya ce a gidansu, a kwanakin da mahaifiyarta ta rasu.

Na ce, "To me ta ce miki yanzu?"

Ta ce, "Cewa ta yi, wannan na mama ne. Nawa nake jira, ba a kawo ba tukuna. Ta ce mutanen gidan nan suna da kirki, suna ta hidima, shi ya sa ba ta so ta dame su da tambaya."

Matar ɗan ta zube a wurin tana kuka, tana cewa, "Wayyo Allah, ni na hana ta ci!" Na ɗago ta na ce, "Tashi, ke kika nemo sandunan, mu ko wannan ba mu yi ba. Duk gidan nan wa ya sani?"

Baƙuwar ta nemi izinin shiga kicin. Na bi ta, don ban yarda 'yar ofis ta iya kunna murhu ba. Ta wanke shinkafa ta zuba mata ruwa mai yawa, ta bar ta ta dahu luguf, ta ɗan barbaɗa gishiri. Shi ke nan. Na ce, "Ba mai, ba albasa, ba yaji? Wannan ai ko a kurkuku a yi bore." Ta yi dariya ta ce, "Khala, mu da wannan ake jinyarmu." Ta zuba a kwano biyu, ta kwantar da sandunan a gaban kwanon Hajiya, ta zauna kusa da ita da nata. Tsohuwar ta dubi kwanon, ta dubi yarinyar, ta ɗauki sandunan. Hannun da ya kasa riƙe cokali ya riƙe su daram. Ta ci. Muna tsaye cirko-cirko muna kallon tsohuwa na cin farar shinkafa kamar ba mu taɓa ganin an ci abinci ba.

Tana cikin ci aka kira la'asar a masallacin layinmu. Hajiya ta ajiye sandunan, ta jawo mayafinta ta rufe kai, leɓɓanta suka fara bin ladan. Duk abin da ya gudu daga bakinta, wannan bai gudu ba. Na juya na kalli Malama. Ban ce komai ba, kuma a rayuwata ba kasafai nake yin haka ba. Malamar ce da kanta ta je ta ɗebo ruwa a buta ta yi wa Hajiya alwala.

Da baƙuwar za ta tafi, ɗan ya tare ta a matakala ya ce, "Za ku ɗauke ta ne?" Ta ce, "Mu kai ta ina? Nan ne gidanta. Aikina in san inda namu suke, in tabbata ba su kaɗai ba ne. Na zo na tarar ba ita kaɗai ba ce. Yare kawai ta rasa, shi kuma za mu kawo mata."

Ta kuwa cika alkawari. Ashe akwai matan Japan a Jidda, matan ma'aikatan kamfanoni da waɗanda suka auri Larabawa, kuma ita ce ke tara su lokaci-lokaci. Ta raba musu kwanaki. Sai ka hawo benenmu ka ga takalma a jere a ƙofar Hajiya, duk suna kallon waje. Su zauna su yi mata hira, su rera mata waƙoƙin yara, mu kuma mu shigo da ƙosai da kunun gyaɗa. Wata a cikinsu ta ci yajina ta yi ta hawaye tana sunkuya min tana godiya. Umda da kansa ya sa aka bar musu wurin ajiye mota. Ita ma'aikaciyar takan zo in ta samu sarari, wani lokaci daga wurin taro da manyan gari, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa ta ce, "Khala, yau da wa aka yi faɗa?"

Hajiya ba ta ƙara yin Hausa ba. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, har yau. Takan kalle ni ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, irin gaisuwar da ake wa baƙo mai kirki. Na yi ta jira ta ce min ƙanwata ko sau ɗaya, ba ta ce ba. Amma ta yi ƙiba kaɗan, ta yi dariya, ta rayu wasu watanni. Da ta cika, Malama ce ta yi mata wanka, ni na zuba ruwa. Aka binne ta a Jidda, garin da mijinta yake kwance. Ma'aikaciyar nan ta zo zaman makoki ta zauna a cikinmu, ba musulma ba ce, amma ta rufe kanta, tana karɓar gaisuwa tare da mu kamar 'yar gida.

Ba a daɗe ba ta zo ta ce an sauya mata ƙasa. Haka aikinsu yake, da sun saba da mutane sai a ɗauke su. A bakin ƙofata ta haɗa hannu ta sunkuya. Na ce, "Ke, bar wannan," na rungume ta har sai da ta yi ƙara. Ban san inda take ba yanzu. Sunanta ma ban taɓa iya faɗa daidai ba, 'yata nake ce mata. Har gobe in na ga ayarin manya suna zagaya Bab Makka da baƙo, sai na miƙe na leƙa, ko da wata za ta sunkuya.

Ƙofar da ke kallon tawa wasu ne a ciki yanzu. Wani lokaci in na dawo kasuwa da faɗa a bakina, sai in tsaya a matakala ina jiran a leƙo a kira ni shan shayi.

Bayan an watse daga zaman makokin ne abin ya dawo kaina. Na zauna na dubi jikokina. A nan aka haife su, in na yi musu Hausa suna ji, amma da Larabci suke amsawa. Na ce to, ni fa? Ranar da nawa Larabcin zai gudu, in koma yarinyar ƙauyen nan da na baro, in riƙa neman fura a ƙwarya da ludayi, ina kiran innata, wa zai gane? Sai a yi ta kawo min abinci mai kyau da zuciya ɗaya, ina jiran nawa. Shi ya sa na shiga ajin manya da wata malama 'yar Nijar ke yi a unguwarmu, na zauna da furfurata ina haɗa baƙi da wasali har na iya rubuta wannan da hannuna. A ɗakina kuma na kafa doka, duk wanda ya amsa min da Larabci ba shi da rabo a tukunyata. Suna cewa kaka ta cika faɗa. Su faɗa.

Abin da na koya shi ne, ƙauna kaɗai ba ta isa jinya ba. Mun so matar nan iyakar so, kuma da hannunmu muka kusa kashe ta da yunwa, don babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ta yadda ake yi a gidansu tun tana iya faɗa. Duk wanda ke zaune da baƙo, ko ya auro shi ko ya haife shi a ƙasar wasu, ya tambaya tun yau, ya koyi ko kaɗan ne daga yaren da aka yi masa rarrashi da shi. Hajiya ta yi sa'a wata ta biyo ta Bab Makka a ranar da ya dace. Ni ba na so sai an tare hanyar baladiyya kafin a kawo min kwanona.